Kyamarar tsaro mai jin motsi ko GoPro ɗin da ke kwance a durowa? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke ta dawowa duk sanda aka zo maganar sa kyamara a gida ko shago, musamman daga masu GoPro ko wata irinta da aka saya da zumuɗi, aka yi tafiya ɗaya da ita, aka jefa a durowa. Na jero su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi, kowa ya tsallaka zuwa wadda ta dame shi.

Wai meye bambancinsu ne? Ba duk kyamara ba ce?

Duk kyamara ce, amma ba aiki ɗaya aka ƙera su su yi ba. GoPro da 'yan uwanta irin su DJI Osmo Action da Insta360 da Akaso an yi su ne don a ɗaura a hular kwano ko a ƙirji ko a kan babur, a ɗauki minti goma ko ashirin na abu mai gudu da rana tsaka, a kashe. Shi kansa Nick Woodman da ya kafa kamfanin GoPro a 2002, hoton masu wasan hawa igiyar ruwa a teku yake son ɗauka. To ka ga kyamara ce da kullum akwai mutum a kusa da ita, shi zai kunna, shi zai kashe, shi zai canza batir.

Ita kuwa ta tsaro aikinta jira ne. Za ta zauna a saman ƙofa wata da watanni ba abin da ya faru, rana ta dake ta ruwa ya dake ta, sai wani dare ƙarfe uku wani ya ɗirgo ta katanga, to wannan sakan talatin ɗin shi ne duk dalilin sayenta. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo asali.

Ta yaya kyamarar take gane an yi motsi?

Hanya biyu ce aka fi sani. Ta farko ita ce wani ɗan ido da ake kira PIR, wannan farin ƙoƙon roba da za ka gani a ƙasan gilashin kyamarori masu batir, irin wanda ke jikin fitilun sola masu kunna kansu in ka gifta. Shi ba hoto yake gani ba, ɗumin jiki yake ji, in abu mai ɗumi ya ratsa ta gabansa sai ya tashi kyamarar daga barci. Wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa masu batir suke iya yin makonni ko watanni kan caji ɗaya. Ya fi jin wanda ya gifta ta gefe a kan wanda ya nufo shi kai tsaye, don haka kar a saita shi yana kallon hanya miƙe, a ɗan karkata shi.

Ta biyun kuma kyamarar a kunne take kullum, tana gwada hoton yanzu da na ɗazu, in ta ga canji ta ce motsi ne. Matsalar wannan ita ce komai motsi ne a wajenta, inuwar darbejiya, leda da iska ta kwaso, ƙadangare a bango, cinnaka a kan gilashi, har hasken mota da ya haska katanga. Wayarka za ta yi ta ƙara har ka gaji ka kashe sanarwar, kuma daga ranar da ka kashe ta kyamarar ta zama ado. Shi ya sa in za ka saya ka nemi wadda aka rubuta tana bambance mutum da dabba da mota, yanzu har masu araha na Tapo da Ezviz da Imou da Reolink suna da wannan, sannan a cikin manhajar ka zana iya wurin da kake so ta kula da shi ka cire titi.

An ce wannan PIR ɗin ba ya aiki sosai lokacin zafi, gaskiya ne?

Da gaskiya a ciki. Tunda bambancin ɗumi yake ji, in bango da ƙasa suka yi zafi suka kusa kai zafin jikin mutum, wato wajen digiri 37, bambancin ya ragu kenan, sai nisan da yake ji ya ragu. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin Maris da Afrilu zafin kan wuce 40, kuma bangon siminti yana riƙe zafi har bayan isha'i. Ba wai zai mutu gaba ɗaya ba ne, amma kar ka dogara da nisan da aka rubuta a kwali. Ka sa shi kusa da inda dole a bi, ƙofar zaure ko get, a inuwa, ka ƙara masa ƙarfin ji a saitin. In wurin akwai wuta tsayayya, kyamarar da ke ɗauka ba tsayawa ta fi kwanciyar hankali.

To ita GoPro tana da jin motsi?

Yadda take fitowa daga kwali, babu. Amma kamfanin ya fitar da wata manhaja ta gwaji mai suna GoPro Labs a 2020, in ka sa wa kyamarar ita za ka iya nuna mata lambar QR ta shiga yanayin da za ta fara ɗauka in ta ga motsi ta tsaya in ya lafa. Yana aiki, ba ƙarya ba ne. Sai dai irin hanya ta biyun nan ce da na yi bayani a sama, ta gwada hoto da hoto, don haka kyamarar a kunne take tana shan wuta tana ɗumi, kuma in duhu ya yi ba ta ganin komai balle ta gane motsi. Sannan ba za ta turo maka saƙo a waya ba, sai dai da safe ka ciro memori ka duba.

Wasu daga cikin ƙananan masu araha, irin su SJCAM da Akaso, suna da jin motsi a cikin menu, amma matsalolin dare da wuta da zafi duk suna nan yadda suke.

Da dare fa? Ai GoPro hotonta ya fi kyau.

Da rana ya fi kyau nesa ba kusa ba. Da dare kuwa in ba fitila baƙi ƙirin za ka gani. Kyamarar tsaro tana da wasu ƙananan fitilu a zagaye da idonta masu fitar da hasken da idon mutum ba ya gani, in ka lura da dare za ka ga ɗan ja-ja a jikinsu kamar garwashi, kuma akwai wani tacin gilashi a cikinta da ke janyewa in duhu ya yi, shi ne wannan ƙaras ɗin da ake ji da magariba. Shi ya sa take ba da hoto fari da baƙi tar a cikin duhu. GoPro nata tacin a manne yake ba ya janyewa, saboda an yi shi ne don launin rana ya fito da kyau, ko ka sayo irin waccan fitilar daban ka kafa mata ba za ta ga hasken ba.

Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama ga mafi yawan mutane, don masu haura katanga ba da azahar suke zuwa ba. In ka dage sai GoPro to sai ka bar ƙwai mai haske a kunne har asuba, ka koma kan maganar wuta kenan.

In na bar ta a jikin caja kullum ai batir ba matsala ba ce ko?

Batirin GoPro na ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu ne gwargwadon saiti, don haka dole a jona. Amma da ka jona sai wasu abubuwa su taso. Na farko zafi, ƙaramar aba ce a rufe ruf, an tsara ta ne da tunanin iska za ta riƙa bugunta tana kan gudu, in ka kafe ta wuri ɗaya tana ɗaukar 4K, wato babban saitin hoto mai tsananin kyau, sai ta yi zafi ta kashe kanta. Kamfanin ma iyakar zafin da ya ce a yi aiki da ita shi ne digiri 35, alhali kyamarorin waje irin na Hikvision da Dahua yawanci har 60 aka rubuta musu. Masu dabara suna cire batirin su bar ta a kan waya kawai su sauke saitin hoton zuwa 1080, hakan na rage zafin sosai kuma yana hana batirin kumbura, amma kuma da wuta ta ɗan ƙifta ta mutu, kuma ba lallai ta ci gaba da ɗauka da kanta ba in an dawo da ita sai in ka saita mata hakan a GoPro Labs ɗin can.

Na biyu, ramin cajin yana bayan murfin da ke hana ruwa shiga. Ka buɗe shi ka sa waya, shikenan maganar tana shiga ruwa mita 10 ta ƙare, sai in ka sayi murfi na musamman mai ƙofar waya. Duba amsar ƙura da ruwan sama a ƙasa.

In NEPA ta ɗauke fa? Mu nan sai a yi kwana biyu ba a kawo ba.

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a yi maganar suna ko farashi. Kyamarar da ta mutu lokacin da aka ɗauke wuta ba ta da amfani, don lokacin ne unguwa ke duhu, in ma an kunna janareto ƙararsa ta rufe duk wani motsi. Abin daɗin shi ne ƙananan kyamarorin wayifai ba su da ci, wat 2 zuwa 5 ne yawanci, da yawansu ma da wayar USB suke aiki. Pawa bank mai ƙarfin 20,000mAh na gaskiya zai riƙe guda ɗaya wajen awa 12 zuwa 15. Amma a kula, wasu pawa bank ɗin ba sa caji da bayarwa lokaci ɗaya, wasu kuma suna yankewa na ɗan sakan in wuta ta zo ko ta tafi, kyamarar ta sake tashi daga farko. Wannan ƙaramin UPS ɗin, wato batirin ajiyar wuta da ake sayarwa don rautar wayifai, ya fi dacewa, ka jona rauta da kyamara duka a kansa, don in kyamara na raye rauta ta mutu za ta ɗauka a memori amma saƙo ba zai iso ka ba.

In kana da inbata a gida to magana ta ƙare, ka tabbata dai soket ɗin yana kan layin inbata. In babu ko ɗaya, sai mai batir da ɗan faifan sola nata, rana dai ba ma rashinta, illa a riƙa goge faifan lokacin hunturu don ƙura na rufe shi. Masu babban gida da ke son huɗu ko takwas su yi tunanin irin wadda ake kira PoE, waya ɗaya ce ke kai wuta da hoto har nisan mita 100, duka su haɗu a akwatin ajiya ɗaya, shi kaɗai za ka ba wa wutar ajiya.

Memori nawa zan saya, kuma zai kai kwana nawa?

Ga lissafi mai sauƙi. Kyamarar tsaro mai 1080 tana matse bidiyonta sosai, in tana ɗauka dare da rana ba tsayawa wajen giga 20 take ci a yini, ka ga memori mai 128 zai kai kwana shida, in ya cika ta goge mafi tsufa ta ci gaba. In kuma sai an yi motsi take ɗauka, zai iya kai makonni. GoPro a 4K kuwa tana cin wajen giga 27 zuwa 45 a awa ɗaya, wannan 128 ɗin ko awa biyar ba zai kai ba. Tana da saitin Looping da ke goge na baya, amma matsalar a nan ita ce in abu ya faru ƙarfe biyun dare ba wanda ya danna mata tsayawa, kafin gari ya waye ta goge shi.

Kuma dan Allah a sayi memorin da aka yi don wannan wahalar, irin SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance. Na waya na yau da kullum rubutu da gogewa ba hutu na kashe shi, kuma ba ya sallama in zai mutu, sai ranar da ka je nema ka tarar ba komai. Jabu ma sun cika kasuwa, a rubuta 128 a jiki alhali cikinsa bai kai ba, don haka ka cika shi da bidiyo a kwamfuta ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani kafin ka ɗora shi sama.

Amma da 4K ai zan fi gane fuskar ɓarawo?

Ba dole ba. Idon GoPro mai faɗi ne ƙwarai, yana kwaso tsakar gida da sama da katangar maƙwabta duka, sai mutum ya zama ɗan mitsitsi a tsakiya, gefe-gefen kuma a lanƙwashe. Masu harkar suna da ma'auni, wai don a tantance fuskar wanda ba a sani ba ana son ɗigon hoto 250 a kan kowace mita ɗaya ta faɗin wurin. Kyamara mai 1080 ɗigo 1920 gare ta a faɗi, ka raba ka ga wurin da take kallo bai kamata ya wuce faɗin mita bakwai da 'yan kai ba. Ma'ana inda ka kafa ta ya fi lambar da ke kan kwali muhimmanci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kai ta can ƙarƙashin rufin bene don kar a sace, sai a samu bidiyon saman hula. Mita biyu da rabi zuwa uku ya isa, tana kallon ƙofar da dole a shigo ta nan, kuma kar ta fuskanci fitowar rana ko faɗuwarta ko wani ƙwai mai haske, in ba haka ba mutum zai fito baƙi kamar inuwa.

Ba ni da wayifai a gida, zan iya kallo daga kasuwa ko in na yi tafiya?

Da GoPro a'a, wayifan da take haɗuwa da manhajarta ta waya mai suna Quik na kusa ne, ka fita ƙofar gida ya yanke. Tana iya yaɗa bidiyo kai tsaye zuwa YouTube ko Facebook amma wannan ba tsarin gadi ba ne, data kawai za ka ƙona. Da kyamarar tsaro kuwa ko dai ka sa ƙaramar rauta mai sim a gida, ko ka sayi kyamarar da ita kanta ake sa mata sim na 4G. Ka gwada netiwok ɗin a daidai inda za a kafa ta, ba a falo ba. Yawancin masu wayifai zangon 2.4GHz na rauta kawai suke kamawa ba sa ganin na 5GHz, wannan shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa suke cewa ta ƙi haɗuwa.

Maganar data, in dai a memori take ajiya, saƙon motsi ba ya cin komai. Abin da ke cinye ta shi ne ka buɗe kana kallo kai tsaye a babban hoto, wannan kan iya shan kusan giga ɗaya a awa, sai ka mayar da shi ƙaramin hoto. A kuma lura da irin su Ring na kamfanin Amazon, in ba ka biyan kuɗin wata da dala ba sa ajiye maka bidiyo. Mu nan wadda ke da ramin memori ta fi mana.

Zan iya ajiye ta cikin ɗaki tana leƙen waje ta gilashin taga?

Da rana eh. Da dare fitilunta za su bugi gilashin su dawo mata, fari fat za ka gani, sai dai ka kashe su a saiti ka kunna ƙwai a waje. PIR kuma sam ba ya jin ɗumi ta bayan gilashi.

Ƙura da ruwan sama ba za su kashe ta ba?

Ka duba jikin kwali za ka ga IP65 ko IP66 ko IP67. Lambar farko ta ƙura ce, 6 na nufin ba ta shiga sam, ta biyun ta ruwa ce. Wadda ba a rubuta mata komai ba ta cikin ɗaki ce, kar a kai ta waje ko da ƙarƙashin baranda ne, iskar farkon damina ba ta san baranda ba. Abin da ya fi mutuwa ma ba kyamarar ba ce, mahaɗin waya da caja ne, a sa su cikin ɗan akwatin roba na masu wayarin. Sannan gizo-gizo na son saƙa a gaban fitilun saboda ƙwari na taruwa, zare ɗaya ya isa ya sa ta yi ta turo saƙo har asuba, a riƙa kai mata tsumma.

Ni tsorona kar wani ya riƙa kallon iyalina ta ciki. Hakan na faruwa?

Yana faruwa, kuma wannan tsoron a kan hanya yake. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shige dubban ɗaruruwan na'urori, ciki har da kyamarori da yawa, ba da wata gwaninta ba, kawai gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga kamfani take yi, irin admin da 12345. Don haka ranar da aka kafa a canza kalmar sirri, kuma ku masu gida za ku buɗe asusun da lambarku ko imel ɗinku, ba yaron da ya zo kafawa ba. Sau da yawa shi ke buɗewa a wayarsa don ya yi sauri, ya tafi da gidan mutane a aljihu. In an riga an yi hakan a sa shi ya cire ta daga asusunsa, a danna maɓallin mayar da ita sabuwa, a sake daga farko. Waɗannan marasa sunan masu kama da ƙwan lantarki, masu arhar banza, ni dai ba zan sa su inda iyali suke ba.

A ganina ma kyamara wurinta ƙofar gida ne da zaure da garejin mota da bayan katanga, ba tsakar gida inda mata ke zama ba mayafi ba, balle ɗakin kwana. Masu aiki a gida a gaya musu akwai ta. Kuma kar a saita ta tana hango cikin gidan maƙwabci, ko ba a je ga maganar doka ba addini ya hana leƙen asirin mutane, manhajojin da yawa suna da wurin da za ka shafe wani sashe na hoton da baƙi.

To GoPro ɗin ba ta da wani amfani kenan a harkar tsaro?

Tana da shi in abin na ɗan lokaci ne kuma da rana. Misali kana zargin ana taɓa maka kaya a shago tsakanin azahar da la'asar, ko kana son ganin abin da ke cinye maka 'yan tsaki, ka sa ta 1080 ka jona ta ka ɓoye, za ta ba ka hoto mai kyau. A mota ma tana taimakawa. Amma ka tuna sabuwarta kusan dala 400 ce, ita kanta abin sata ce, ƙaramar kyamarar tsaro kuwa daga dala 20 zuwa 40 ake samu. In ba ka amfani da ita ka sayar, kuɗin zai sayo maka biyu ko uku har da memori da UPS.

Tsohuwar waya ma ta fi ta dacewa da wannan aikin a cikin ɗaki, da manhaja irin Alfred za ta turo maka saƙo kuma ka kalla daga nesa, sai dai ita ma ba ta gani a duhu kuma batirinta na kumbura in ya daɗe a caji. Don gona ko garke ko fili da ake gini inda ba wuta ba netiwok, akwai irin kyamarar da masu nazarin namun daji ke ɗaurawa a bishiya, tana da PIR da hasken dare, batir AA take ci kuma tana daɗewa, sai dai ka je ka ciro memori.

In na je saye me zan duba, kuma ya zan san tana aiki?

Ka fara da wutar da za ta riƙe ta, sannan ganin dare, ramin memori, bambance mutum da dabba, lambar IP in ta waje ce, da sunan kamfanin da ke sabunta manhajarsa. Masu juyawa hagu da dama suna da burgewa a shago, amma sau da yawa lokacin da ake buƙatarta tana kallon wani gefen, biyu marasa juyawa sun fi ɗaya mai juyawa.

Bayan an kafa kar ka sallami mai aikin da gwajin rana kawai. Bayan isha'i ka kashe fitilun waje, ka sa wani ya shigo da saurinsa ya fita, ka ga ko saƙo ya zo, ko ta kama fuskarsa ko ƙeyarsa kawai ta samu, don masu batir suna ɗan jinkirin farkawa. Ka kashe mita ko ka zare fiyus ka ga ko ta ci gaba. Ka duba kwanan wata da agogon da ke jikin bidiyon, in suna nuna wata shekara daban zai yi wuya ka gamsar da 'yan sanda ko mai unguwa da shi. Sannan duk sati biyu ka buɗe bidiyon jiya ka tabbata memorin na nan da rai.